Yadda Ake Gyara Silon Tsohuwar Hayis Idan Ya Ƙi Sauka Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙorafi iri ɗaya ne a bakin direbobin tsofaffin bas-bas. An tada mota da asuba, inji ya kama ruri. An gama lodi, an ɗau hanya, an yi tafiya mai nisa, amma da an tsaya silo, wato gudun inji in ba a taka totur ba, yana nan sama bai sauko ba. Giya na shiga da gurnani, mai na zurarewa, fulogi na yin baƙi. Wanda ke aiki a Jos ko Gembu ya fi kowa sanin wannan, amma sanyin safiyar Kano, Zariya ko Damagaram ma ya isa ya tono matsalar.

Bayanin nan na yi shi ne a kan Toyota HiAce, Hayis ɗin da aka ƙera tsakanin 1989 da 2004, mai injin fetur: 1RZ mai lita 2.0 da 2RZ mai lita 2.4 masu kafireto, da kuma 2RZ-E da 3RZ-FE masu injekta. Mai Mitsubishi L300 ko wata bas ta wancan zamanin ma zai amfana, domin tsarin kusan ɗaya ne.

Abin da nake roƙonka tun farko, ɗan'uwa, shi ne kada ka fara da sukurun silo. Shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa, shi ne kuma ya kamata ya zo ƙarshe. Murɗa shi ƙasa alhali ba a gano dalili ba tamkar danne murfin tukunya ne wuta na ci a ƙarƙashinta. Injin da silonsa ya ƙi sauka, ɗayan uku ne: ko dai da gaske bai yi zafi ba, ko ya yi zafi amma abin da ke auna zafin yana ba da labarin ƙarya, ko kuwa iska na shigar masa ta inda bai kamata ba. Aikinka shi ne ka gano wanne ne.

Ka fara da kallo, inji na sanyi

Ka bar motar ta kwana. Da safe ka ja birkin hannu, ka sa giya a firi, ka ɗaga kujerar gaba ka buɗe murfin inji. A fili za ka yi wannan aikin, ba cikin rufaffen gareji ba, domin hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. Ka naɗe hannun riga, ka cire rawani ko duk abin da ke lilo, saboda fanka da fanbel.

Kayan aikin ba su da yawa: sifanu lamba 10, 12 da 14, sukundireba iri biyu, filaya, gwangwanin feshin wanke kafireto, tsohon buroshin haƙori, tsumma, da mita mai auna wuta. Yawancin waɗannan motoci ba su da agogon juyin inji a dashbod, don haka in ka samu aron mita mai nuna juyi daga wurin mai riwaya, ka karɓa. Kunne yana ruɗi.

Tada motar ka duba agogo. Injin lafiyayye yana farawa da gudu sama da na kullum, wajen juyi 1,200 zuwa 1,500 a minti ga mai injekta, mai kafireto kuwa yakan wuce haka. Wannan ba ciwo ba ne. Fetur ba ya tashi tururi sosai cikin sanyi, baƙin mai ya yi kauri, sai masu ƙera motar suka tsara inji ya ƙara gudu don kada ya mutu. Abin lura shi ne saukowa. Cikin minti biyar zuwa goma ya kamata ya riƙa sauka a hankali har ya zauna wajen 750 zuwa 800, allurar zafi kuma ta doshi tsakiya. In haka ya faru, motarka lafiyarta ƙalau, rufe murfi ka tafi aiki. In ya wuce minti goma sha biyar yana nan sama, ko yana hawa yana sauka, to akwai aiki.

Kafin komai ka kashe inji ka duba abubuwa biyu da ba sa cin ko kobo. Tabarmar ƙasa ba ta danne totur ba? Wayar totur tana da ɗan sako-sako? Ka je inda ta kama a jikin kafireto ko maƙogwaron iska, ka ja ka saki. Ya kamata ta koma da kanta har ta buga mazauninta da ƙara. In sai ka tura ta da yatsa, to ko wayar ta bushe ta cika da ƙura, ko sifirin ɗin da ke mayar da ita ya saki, ko an ɗaure ta ta yi tsauri. Sassauta notin biyu da ke riƙe da ita har ta samu sako-sako kamar na milimita biyu ko uku.

Tamostat, inda matsalar ta fi kwana

A nan zan daɗe, domin a ƙasarmu nan ne akasarin abin yake. Da mota ta shigo daga Kwatano ko Legas, abin da makanikai da yawa ke fara yi shi ne su zare tamostat su jefar, da hujjar cewa don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Wasu har su ƙara da ɗaure fanka ta riƙa juyi da cikakken ƙarfi tun daga tashin inji. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, tsoron obahitin ne. Amma kuskure ne, kuma mai mota ne ke biyan kuɗinsa a gidan mai kullum.

Tamostat ƙofa ce a hanyar ruwa. Inji na sanyi tana rufe, ruwa ya riƙa zagaye cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumi. Da zafi ya kai wajen digiri 82 sai ta fara buɗewa ruwa ya wuce lagireto. In babu ita, ruwa na bi ta lagireto tun daga juyin farko. A watan Afrilu ba za ka lura ba, saboda zafin gari na rufa asiri. Amma a safiyar Janairu, iskar hunturu na dukan lagireto a kan hanya, injin ba zai taɓa kaiwa zafin aikinsa ba. A mai kafireto, cok, wato faifan da ke rage iska lokacin sanyi, ba zai gama buɗewa ba, a mai injekta kuma ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, za ta ci gaba da ƙara mai da iska, silo ya tsaya sama. Man da ya yi yawa kuma yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya tsinka na cikin inji, zobban fistin su riƙa ci da wuri.

Gane shi ba wuya. Inji na sanyi ka tada, ka riƙe babbar mesar ruwa ta sama kusa da lagireto, kana kiyaye fanka. In tamostat na aiki, lagireto zai zauna da sanyinsa na wasu mintuna, sannan ya ɗau zafi kusan lokaci guda. In kuwa ya fara ɗumi a hankali tun da farko, kuma allurar zafi ba ta barin ƙasa ko tana komawa ƙasa in an hau babban titi, to babu tamostat, ko yana nan ya maƙale a buɗe.

Ga yadda ake mayar da shi. Ka jira inji ya huce sarai. Buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona mutane da yawa. Ka tsiyaye ruwan cikin roba. A injunan RZ gidan tamostat yana inda mesar ƙasa ta lagireto ta haɗu da inji, a wasu injunan kuma a bakin mesar sama yake. Kwance notukan, ka kankare tsatsa daga mazaunin. Sabon tamostat yana da lambar zafinsa a jiki, ka nemi mai 82. In a Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka saya, ka nace a ba ka na kirki, kuma kafin ka ɗaura ka gwada shi a gida: ka rataye shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Ya kamata ya fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ya buɗe wajen milimita 8 in ya kai digiri 95, ya koma ya rufe ruf in ya huce. Wajen ɗaurawa, ɓangaren sifirin yana kallon inji, ɗan ƙaramin bawul mai rawa da ke gefensa kuma yana sama, domin ta nan iska ke fita. Sa sabuwar roba ko gaskit, kada ka dogara da gam.

Sai cika ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana tara tsatsa da gishiri, su ne ke toshe lagireto da ƙananan hanyoyin ruwa. Ka haɗa ruwan lagireto na gwangwani da ruwa mai tsabta rabi da rabi, sai dai in an rubuta a jiki cewa haɗaɗɗe ne. Ka juya hita zuwa zafi, ka tada inji murfin lagireto a buɗe, ka riƙa matsa mesa kana ƙara ruwa har kumfar iska ta daina fitowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: iskar da ta maƙale a hanyar ruwa ita kaɗai ta isa ta sa silo ya riƙa hawa da sauka, domin na'urar auna zafi na zaune cikin iska maimakon ruwa.

In bayan ka mayar da tamostat motar ta fara obahitin, ba laifinsa ba ne. Ya tona abin da aka ɓoye ne: lagireto ya toshe, ko murfinsa ba ya riƙe matsi, ko kulocin fanka ya mutu, ko famfon ruwa ya cinye, ko gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Wannan za ka gyara.

In mai kafireto ce

Cire matatar iska ka leƙa bakin kafireto, inji a kashe kuma da sanyi. Taka totur sau ɗaya ka saki. Faifan cok da ke bakin ya kamata ya rufe. Da inji ya tashi zai ɗan buɗe, sannan ya ci gaba da buɗewa har ya miƙe tsaye cikin 'yan mintuna. A gefen kafireto akwai wani ƙarfe mai matakala da ke haɗe da cok, shi ke tokare totur ya hana shi rufewa gaba ɗaya lokacin sanyi. In inji ya yi ɗumi ka ɗan taɓa totur, ƙarfen ya kamata ya faɗi, silo ya sauko.

In faifan bai miƙe ba, tura shi da yatsa. Ya yi tauri ko yana maƙalewa? Ƙurar hunturu ce ta haɗu da maiƙo ta zama danƙo. Fesa maganin wanki a duk gaɓoɓin, ka goge da buroshi, ka motsa har ya saki. Kada ka ɗiga masa baƙin mai, domin mai ne ke kama ƙura, nan da mako biyu ka koma gidan jiya. In yana motsi lafiya amma ba ya buɗewa da kansa, to abin da ke ɗumama shi ne ya tsaya. Baƙin murfin nan mai zagaye a gefen kafireto yana da naɗaɗɗen ƙarfe a ciki da zafi ke warwarewa. In waya ce ke shiga cikinsa, ka auna da mita ko wuta na zuwa, amma inji na aiki, don a motoci da yawa ba ta zuwa sai inji ya tashi. In ƙananan mesoshin ruwa ne, ka taɓa su biyun, dole su yi zafi. Mai cok na hannu kuwa, ya tabbatar in ya tura maɓallin ciki faifan yana buɗewa har ƙarshe.

Wani abin da za ka iya tararwa shi ne an ɗaure cok da waya a buɗe, sannan aka ɗaga sukurun silo don kada motar ta mutu da safe. Irin wannan motar da sanyi tana tari, da zafi tana ruri. Kwance wayar, ka gyara cok, sannan a zo maganar sukuru.

In mai injekta ce

Ita wannan tana iya gaya maka ciwonta. A tsofaffin Toyota akwai ƙaramin akwati na gwaji mai murfi, an rubuta sunayen ramukansa a cikin murfin. Ka haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, ka murɗa makulli fitilun dashbod su kama amma kada ka tada inji. Fitilar inji za ta riƙa ƙiftawa. Ƙiftawa daidai-wa-daida babu tsayawa na nufin babu laifin da aka ajiye. Biyu, ɗan tsayawa, sannan biyu, wato lamba 22, na nufin na'urar auna zafin ruwa ko wayarta. Lamba 41 ta na'urar da ke kan totur ce. In motar tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, sai a sa mata kwamfutar gwaji, a nemi P0115 ko P0505. Rashin lamba ba ya wanke na'urar, domin tana iya yin ƙarya ba tare da ta mutu ba.

Na'urorin zafi biyu ne, kada ka rikita su. Mai waya ɗaya ita ke motsa allurar dashbod. Mai waya biyu ita ke magana da ƙwaƙwalwar mota, ita muke nema. Zare soket ɗinta ka sa mita a kan om, wato ma'aunin tirjiyar wuta. A digiri 20 ya kamata ka ga tsakanin 2,000 da 3,000. In inji ya yi zafi, wajen digiri 80, ya faɗo tsakanin 200 da 400. In inji na da zafi amma har yanzu tana nuna dubbai, tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa sanyi ake, sai a canza ta. Ka duba bakin soket ɗin ma. Koren tsatsa ko sakakkiyar waya na ƙara adadin, sakamakon kuma ɗaya ne.

Daga nan sai bawul ɗin silo, wanda ke manne da maƙogwaron iska. Shi ke ba iska hanya ta kewaye faifan totur. Ka lura da ƙananan mesoshin ruwa biyu da ke shiga wurin. Sau da yawa in ɗaya ta fashe, sai a cire su a haɗe su da juna ko a toshe da noti. A injunan da ruwan zafi ne ke rufe hanyar iskar sanyi, yin haka na nufin hanyar ba za ta taɓa rufewa ba. Mayar da su, ka hura ka tabbatar hanyar ba ta toshe da tsatsa ba.

Gwajin bawul ɗin: inji da zafi, cire babbar robar iska, za ka ga rami a bangon maƙogwaro kafin faifan totur. Toshe shi da yatsa. In silo ya faɗo sosai, ta nan iskar ke wucewa, bawul ɗin ya maƙale a buɗe ko ana ba shi umarnin ƙarya. Kwance shi, ka wanke baƙin da ya taru har ƙofarsa ta riƙa motsi ba tirjiya, amma kada ka jiƙa ɓangaren wutar. Ka wanke gefen faifan totur gaba da baya. Akwai ɗan sukuru da faifan ke zama a kansa, yawanci da ɗigon fenti daga kamfani. Kada ka taɓa shi. In an riga an murɗa, mai riwaya ya mayar da shi ya kuma daidaita na'urar totur, yadda ƙafafunta IDL da E2 za su haɗu in totur na rufe, su rabu da an ɗan taka. In ba su haɗu ba, ƙwaƙwalwa ba ta san ka ɗaga ƙafa ba. In an gama, zare fis ɗin EFI na kamar minti ɗaya don a goge tsofaffin lambobi.

Iskar sata

Wannan ya shafi iri biyun, mai kafireto da mai injekta. Roba in ta tsufa tana tsagewa, sanyi kuma na sa ta ƙanƙance tsagar ta buɗe, shi ya sa abin ke tsananta da hunturu. Inji na silo ka kasa kunne, ko za ka ji tsotso kamar shewa. Bi ƙananan mesoshin iska ɗaya bayan ɗaya, ka lanƙwasa kowacce kusa da bakinta, a nan suke tsagewa. Ka duba ko akwai bakin ƙarfe da aka bari a buɗe bayan an cire wani abu.

Sai ka naɗa tsumma a bakin filaya ka matse mesa mai kaurin nan da ke zuwa baƙar gangar da ke ƙara wa birki ƙarfi. In silo ya sauko, robar cikin gangar ta huje, kuma wannan ya wuce maganar silo, maganar rayukan fasinja ce, a gyara kafin a yi lodi. Zare bawul ɗin numfashin inji da ke kan murfin sama ka girgiza, lafiyayye yana ƙara kamar da tsakuwa a ciki.

In ba ka gano ba, ka riƙa fesa maganin wanki kaɗan-kaɗan a gindin kafireto, da inda bututun iska ya haɗu da kan inji, da gindin nozul. Inda sautin inji ya canza, nan ne ƙofar. Maganin nan yana kama wuta. Kada ka fesa kusa da distiributa, wayoyin fulogi ko bututun hayaƙi, kuma abin kashe gobara ya kasance kusa da hannunka.

Taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, shi ma yana ɗaga silo in an tura shi gaba da yawa, kuma an saba murɗa distiributa da kunne. A sa fitilar taimin a daidaita shi da lambar da ke takardar da kamfani ya manna a wajen inji. A mai injekta sai an haɗa TE1 da E1 kafin a auna.

Mai Hayis ta gas, wato dizal, mai injin 3L ko 5L, ya duba maɓallin ɗaga silo da ke dashbod in motarsa na da shi, ya tabbatar an mayar da shi, sannan ya duba ko ruwan zafi na isa na'urar sanyi da ke jikin famfon gas. Maganar tamostat ta hau kansa shi ma.

Yanzu ne lokacin sukuru

Inji ya yi zafi sosai, allura a tsakiya, fitilu da iyakwandishan a kashe, giya a firi, matatar iska a ɗaure. A kafireto sukurai uku ne kuma aikinsu daban. Na cakuɗa mai da iska yana gindi: juya shi a hankali zuwa inda inji ya fi santsi, kada ka ɗaure shi da ƙarfi don bakinsa na lalacewa. Na gudun silo shi ke tokare totur: kawo shi kan lambar da ke takardar kamfani, in ta goge ka tsaya wajen 750 zuwa 800. Na ukun shi ne wanda ke hawa matakalar cok, shi ke tsara gudun safe kaɗai, kuma da zafi bai kamata ya taɓa komai ba. A mai injekta da ƙwaƙwalwa ke riƙe da silo, babu abin murɗawa, in komai ya daidaita da kanta za ta sauko.

Kunna fitilu da iyakwandishan, ka murɗa sitiyari, ka tabbatar inji bai mutu ba. Sannan ka bar ta ta kwana, ka sake gwajin farko da safe da agogo a hannu. In ta fara sama ta sauko cikin minti goma, aiki ya yi. In tana mutuwa da sanyi, ka ɗan ɗaga sukurun cok, ba na silo ba. In kuwa motar ta daɗe tana yawo ba tamostat, ka canza baƙin mai da matatarsa ka kuma wanke fulogi ko ka sa sababbi, domin fetur ya riga ya tsinka man da ke ciki.